Ku rufe da yatsa, kuskuren Turanci zai fito

Jama'a, ga wata 'yar dabara da ke rage mini wahalar duba rubutun Turanci.

In jimla ta yi tsawo, ku sa yatsa ku rufe kalmomin da suka shiga tsakanin mai aiki da aikatau. Sai ku karanta abin da ya rage.

Ga misali: "The box of old books are heavy." Da jin farko kamar ba matsala. To ku rufe "of old books". Saura "The box are heavy". Kun ga ai asiri ya tonu, "is" ya kamata.

Haka "One of my friends have a car". Ku rufe "of my friends", nan take za ku ga "has" ake so. Wannan kam ya sha kayar da ni.

Dalili kuwa, kunne sunan da ke kusa da aikatau yake bi, shi ya sa "books" ke ruɗar mutum.

Amma fa ba ko'ina take ci ba. "A number of students are absent" daidai yake, kada ku taɓa shi. Haka "a lot of people are". A jimlar "neither… nor" kuma, sunan da ke kusa da aikatau ɗin ake bi.