Yadda Ake Zaɓen Littafin Almara Mai Ban Tsoro Wanda Soyayyarsa Ke da Ƙarfi

Littattafan almara na tsafi da aljanu, waɗanda duniyarsu ke cike da la'ana da jini amma soyayya na tafiya a tsakiyarsu, sun yi yawa a 'yan shekarun nan har mutum ya rasa ta ina zai fara. Bangon kowanne kamar na ɗan'uwansa: baƙin launi, takobi, fure mai ƙaya. Abin da ke ciki kuwa ya sha bamban. Akwai wanda za ka gama ya yi kwanaki yana yawo a ranka, akwai kuma wanda shafi ɗari biyar ne na kallon-kallo tsakanin saurayi da budurwa, aka jefa dodo ɗaya don cika sharaɗi. Ga hanyar da nake bi wajen tantancewa, da littattafan da nake ganin sun cancanci lokacinka. Dukkansu da Turanci aka rubuta su.

Mataki na farko: ka san irin duhun da zuciyarka za ta iya ɗauka

Ban tsoro iri-iri ne. Akwai wanda daga wurin da labarin ke faruwa yake fitowa. A cikin Uprooted na Naomi Novik, wanda ya fito a 2015 ya kuma ci kyautar Nebula, abokin gaba daji ne sukutum, mai rai da mugun nufi. Wanda ya shiga cikinsa yakan dawo da fuskarsa da muryarsa, amma ba shi ne ba. Haka The Bear and the Nightingale na Katherine Arden, na 2017, inda hunturun Rasha ta ƙarni na 14 da matattu masu tasowa ke zagaye da wani ƙauye.

Akwai kuma duhun muguntar masu mulki. The Cruel Prince na Holly Black, na 2018, ya buɗe ne da kisan iyayen Jude a gabanta tana 'yar shekara bakwai, sannan wanda ya kashe su ya ɗauke ta ya raine ta a ƙasar aljanu. Aljanun nan ba sa iya yin ƙarya, ita kuwa 'yar Adam ce, tana iyawa. Da wannan makami take kokawa da fada guda.

Na uku shi ne wahalar da ke sauka a jikin jarumar kai tsaye, kuma shi ne mafi nauyi. Idan ka san irin wannan na hana ka barci, ka tsaya a biyun farko. Ba gazawa ba ce.

Mataki na biyu: ka gwada cire soyayyar a zuciyarka

Nan ne nake daɗewa, don nan ake gane littafin kirki. Ka karanta taƙaitaccen bayanin da ke bayan littafin, sai ka tambayi kanka: in aka cire soyayyar, labarin zai tsaya da ƙafarsa kamar ba a taɓa komai ba? In amsar e ce, to ado aka yi da ita. Soyayya mai ƙarfi a irin wannan labari ita ce wadda ke jawo wa masoyan asara, wadda la'anar da ke cikin labarin ke cin ta kai tsaye.

Daughter of the Forest na Juliet Marillier, na 1999, shi ne misalin da ban ga kamarsa ba. Matar uba ta mayar da yayyen Sorcha maza su shida fararen tsuntsayen ruwa masu dogon wuya. Hanyar karya sihirin ita ce ta saƙa riguna shida da zaren wani tsiro mai ƙaya da ke yayyaga hannu, kuma kada ta furta ko kalma ɗaya har ta gama. Cikin wannan hali wani mutum daga ƙasar abokan gabarsu, ana ce masa Red, ya ɗauke ta zuwa gidansu. Yana kallon yatsunta sun kumbura sun lalace, yana tambaya ba amsa. Ita kuma tana jin sonsa na shigarta, alhali in ta buɗe baki ta faɗa masa, ta kashe 'yan'uwanta. Kowane shiru da ta yi a gabansa sai ka ji shi a ƙirjinka. Sai dai ka sani tun yanzu, akwai fyaɗe a cikin littafin, kuma marubuciyar ba ta kau da kai daga raɗaɗinsa ba.

A Uprooted salon daban ne. Matsafin da ake kira Dragon yana ɗaukar budurwa ɗaya daga ƙauyukan kwarin duk shekara goma, sai ya ɗauki Agnieszka, wadda ba wanda ya zata. Shi mutum ne mai tsari, sihirinsa ƙa'ida bayan ƙa'ida. Nata kuwa kara-zube ne, kamar mai rera waƙa ba tare da ta haddace ta ba. Kullum cikin faɗa suke, har ranar da suka haɗa sihirinsu suka ga ya yi abin da ɗayansu bai iya shi kaɗai. Daga nan kusancinsu ya faro, kuma da wannan haɗin ne suke tunkarar dajin. Ba yadda za ka raba soyayyar da yaƙin.

One Dark Window na Rachel Gillig, na 2022, shi ma ya ci wannan jarrabawa. Elspeth tana da wani tsohon dodo zaune a cikin kanta tun ƙuruciya, kuma duk lokacin da ta nemi taimakonsa sai ya ƙara mamaye hankalinta. Tana faɗawa son wani saurayi mai suna Ravyn ne a daidai lokacin da take rasa kanta.

Mataki na uku: ka bincika yadda aka kwatanta kwanciya

Wannan sai an faɗa a fili, don bangon littafi ba ya nunawa. Jerin A Court of Thorns and Roses na Sarah J. Maas, wanda ya fara a 2015, da Fourth Wing na Rebecca Yarros, na 2023, su ne suka fi shahara a wannan fanni, kuma dukkansu na ɗauke da bayanin kwanciya ƙarara, na Maas yana ƙaruwa yayin da jerin ke nisa. Kushiel's Dart na Jacqueline Carey, na 2001, ya zarce su nesa. Wanda ba ya son haka ya nufi littattafan Holly Black ko na Katherine Arden, inda abin bai yi yawa ba. Uprooted yana tsakiya. Manhajar StoryGraph na taimakawa a nan, domin masu karatu na jera gargaɗi a kan kowane littafi: kisa, azabtarwa, fyaɗe, batsa. Minti biyu ya isa ka duba.

Mataki na huɗu: ka lura da yadda labarin ke ɗaukar muguntar jarumin

Yawancin waɗannan littattafai kan fara da ƙiyayya. Ba laifi. Abin da ke damuna shi ne littafin da namiji zai wulaƙanta mace, ya tsare ta, ya tsorata ta, sannan a wanke shi tas don kawai kyakkyawa ne kuma ya sha wahala yana yaro. Ina roƙonka ka sa ido a nan, musamman in ƙanwarka ko 'yarka za ka bai wa littafin. Tambayoyi biyu sun wadatar: jarumar tana da ikon tafiya in ta so? Shi kuma ya biya wani abu a kan laifinsa?

The Wrath and the Dawn na Renée Ahdieh, na 2015, wuri ne mai kyau na gwada wannan ma'auni. An gina shi a kan Dare Dubu da Ɗaya: sarki Khalid na Khurasan yana auren budurwa, gari na wayewa a kashe ta, sai Shahrzad ta miƙa kanta da niyyar ɗaukar fansar ƙawarta. Littafin ya ba da dalilin kisan daga baya. Ko dalilin ya isa a yafe masa, wannan kai za ka yanke, ni dai har yanzu zuciyata ba ta gama amincewa ba, kuma wannan rashin natsuwar na cikin abin da ya sa nake ba da shawararsa.

Mataki na biyar: ka ƙirga littattafan jerin kafin ka shiga

Uprooted littafi ɗaya ne tak. Na Gillig biyu ne, na Ahdieh biyu, kuma an kammala su. Labarin Jude uku ne, na Arden ma uku. Amma ka sani, a na Arden soyayyar Vasya, jarumar labarin, da Morozko, aljanin sanyi, da ƙyar take leƙowa a littafin farko, sai a na biyu da na uku take bunƙasa. Jerin Yarros kuwa na uku, Onyx Storm, ya fito a Janairun 2025 kuma labarin bai ƙare a nan ba.

Mataki na shida: ka karanta babin farko kafin ka saya

Gani ya kori ji. Manhajojin karatu na Kindle da Google Play Books suna ba da shafukan farko kyauta. Ka duba ko Turancin ya yi maka daidai: na Maas da Yarros mai sauƙi ne da gudu, na Marillier a hankali yake tafiya, yana son haƙuri. In za ka karanta ra'ayoyin mutane a Goodreads, shafin intanet da masu karatu ke ba wa littattafai maki da taurari, ka tsallake masu tauraro biyar da masu ɗaya, ka nemi masu uku, su ne ke faɗin abin da ya yi kyau da abin da ya gaza.

Wanda bai taɓa karanta irin waɗannan ba, ya fara da Uprooted, tunda ba ya ɗaure mutum da jeri. In dajin ne ya fi kama shi, ya wuce zuwa Arden. In faɗan masoyan ne, ya ɗauki The Cruel Prince. Daughter of the Forest kuwa a ajiye shi sai lokacin da ake da sarari da nutsuwa, don ba a karanta shi a gurguje.