Yadda ake yi wa ɗan nazare magana ya gane

Malama, in kika ce wa ɗan shekara uku "kama bakinka", sai ki ga ya sa hannu ya damƙe leɓensa. Ki ce "a je a sha iska", wani ya fita ya wangale baki. Umarnin ya bi, daidai yadda ya ji shi. Jean Piaget, masanin tunanin yara ɗan ƙasar Suwizalan, ya nuna cewa daga shekara 2 zuwa wajen 7 tunanin yaro yana maƙale da abin da ido ke gani da abin da hannu ke taɓawa. Hausa kuwa cike take da "ci" da "sha" waɗanda babu abinci a cikinsu: cin jarrabawa, shan wuya, ci gaba. A azuzuwan Kebbi abin ya fi tsanani, domin yaron Zuru da ya tashi da Dakarci, ko na Kamba da ke jin Zabarmanci a gida, yanzu yake tsintar Hausar ma.

Fara da kiran sunansa, ki durƙusa idonki ya daidaita da nasa, sannan ki ba da umarni ɗaya. Umarni ɗaya ya fi sauƙin riƙewa, in biyu ne kuma su zama a jere: "Ɗauko allonka, ka zauna a tabarma." Ki ƙirga biyar a zuci kafin ki maimaita, kuma ki maimaita da kalmomin farko. In kika sauya su, sabon aiki kika ba shi. Faɗi abin da kike so a yi: "taka a hankali" ya fi "kar ka yi gudu", don kalmar gudu ce ke zama a kunnensa. "Ku natsu" ba ta da siffa, sai ki ce "hannu a cinya, ido a kaina", kina yi suna gani.

Kada ki sa umarni cikin rigar tambaya. "Ba za ka zauna ba?" tambaya ce a wurinsa, zai amsa da gaskiyarsa, a ce ya yi rashin kunya. Haka "kun gane?": aji duka zai rera "Eh, Malama!" Ki ce "nuna mini yadda za ka yi."

Gatse shi ne ya fi ɓarna. Yaro ya zubar da kunu a littafi, kika ce "ka kyauta!", to yabo ya ji, gobe zai ƙara. Sai wajen shekara shida yara ke fara gane cewa murya na iya juya ma'ana. Barazana kuma gaskiya ce tsagwaronta a kunnensa. "Zan yanka ka" na iya sa yaro ya ƙi zuwa makaranta ba tare da ya iya faɗin dalili ba. Wadda ta fi muni ita ce "zan kira mai allura": ranar da masu rigakafin shan inna ko ƙyanda suka shigo, da kanki kin riga kin mai da su dodo.

Lokaci ma haka. "Anjima" da "ina zuwa" ba su da ma'auni, yaro zai tsaya bakin ƙofa yana jira. Ɗaura shi da abin da ya sani: "bayan an tashi tara", "idan an kira azahar".

A maganar mutuwa a yi hattara sosai. In aka ce wa maraya "Baba ya yi tafiya", kullum zai tambayi ranar dawowa. In aka ce "barci yake", yana iya tsoron kwanciya. A zauna da mahaifiyarsa a daidaita kalma ɗaya: ya rasu, ba zai dawo ba, muna yi masa addu'a.

Ba a ce a raba su da salon magana ba. Ɗauki ɗaya a mako, ki faɗe shi, ki biyo da fassararsa nan take: "Ku kasa kunne, wato ku yi shiru ku saurara." Ki bar su su kwaikwayi ma'anar fili su yi dariya, sannan ta gaske. Ranar Juma'a ki faɗe shi babu fassara, ki duba wa ya yi daidai, wanda ya tsaya kuma ki sake nuna masa ranar Litinin.