Kurakuran da ake yi wajen haɗa wa mashin ƙarin fitila

Duk wanda ke bin hanyar Rigasa ko Mando da daddare ya san fitilar da mashin ya zo da ita ba ta isa, shi ya sa kowa ke zuwa Panteka ya sayo ƙananan fitilun LED ɗin nan ya ɗaura. Bayan sati biyu kuma sai ka ji ana zagin fitilar wai jabu ce, alhali sau tari fitilar lafiyarta ƙalau, haɗin wayar ne aka yi shi na shashanci.

Babban abin da na fi gani shi ne a jona wa fitila wuta daga wayar babbar fitilar gaba. Da yawa daga ƙananan mashinan nan masu kik, wutar fitilar gabansu ba daga batir take zuwa ba, daga kwayil take, wato AC ce, tana hawa da sauka da totur. LED kuma DC yake so, wato irin wutar batir. Shi ya sa za ka ga tana kyafta ido in mashin na silo, ka ja wuta ta haska, wata rana ta mutu gaba ɗaya. Wasu kuma sai su ce toh bari mu kai ta kan batir kai tsaye, su sa maɓalli kawai, wanda shi ma matsala ce don ranar da ka manta ba ka kashe ba ko yara suka taɓa a ƙofar gida, da safe sitata ko tari ba za ta yi ba.

Gyaran shi ne rile, ɗan abin nan mai ƙafa huɗu irin na hon ɗin mota, kuma akwai lamba a jikin kowace ƙafa. Lamba 30 ta tafi kan batir mai alamar (+) ta cikin fis, 87 ta tafi fitila, 85 ta tafi at, wato ƙarfen jikin mashin da ke haɗe da kan batir mai alamar (-), 86 kuma ta bi ta maɓallinka ta shiga wayar da ba ta kawo wuta sai an murɗa makulli. Shikenan, ka zare makulli komai ya mutu. Kar ka yarda da kalar waya don Allah, a tsarin Honda baƙa ce ta bayan makulli kore kuma at, amma wani kamfanin kalarsa daban, ga kuma mashin ɗin da ya sha hannun masu rewaya an canza rabin wayoyinsa. Ka sa mita ko ɗan kwan gwaji ka tabbatar.

Sai maganar fis, wadda wallahi ita ce ke ƙona mashin. Wasu ba sa sawa sam, wasu su sa shi can kusa da fitila inda ba ya tsare komai, ai wayar da ke tsakanin batir da fis ɗin a sake take, in ta goge ta taɓa bodi a ƙarƙashin tankin mai ka san sauran. A sa shi dab da batir, kamar taƙi ɗaya. Lissafinsa ba wuya, ka raba wat da bolt: fitila biyu masu wat 18 sun zama 36, a raba da 12 ya ba ka amp 3, fis mai amp 5 ya isa. In ya yanke a nemo dalili, ba a naɗa masa zaren waya ko takardar sigari ba.

Murɗa waya da hannu a naɗe da solatif kuwa, kowa ya yi, ni ma na yi. Zafin watan Maris zai narkar da gam ɗin, ƙura ta shiga, ruwan Agusta ya ƙarasa, tagullar ta koma kore, sai fitila ta riƙa ɗaukewa duk ramin da ka faɗa. A yi mata dalma kaɗan, ba a cika ba don in ta yi yawa wayar na sandarewa ta karye da girgiza, sannan a zura robar nan da ake haska wa laita ta matse. Ko a sa kan waya na matsewa a danne da filaya mai kyau, ka ja da hannu ka ji bai zare ba. Ƙananan maƙalan roba masu cizon waya ba tare da an fere ta ba, ni dai ba na son su, suna yanke silin wayar a ciki.

At ma ana wasa da shi, a ɗaure a kan fenti ko a jikin kan mashin wurin da ke juyawa. A kankare fentin firam a ɗaure da noti, ko a mayar da wayar kan batir mai alamar (-) kawai a huta. Kuma kafin ka ɗaure wayoyi ka juya kan mashin hagu da dama har ƙarshe ka ga ba ta ɗamewa, ka nisanta ta da salansa da kan inji.

In an gama ka ta da mashin, kunna duka fitilun, ɗan ja totur ka auna batir. Wajen 13.5 zuwa 14.5 ya kamata ka gani, in ya tsaya ƙasa da 13 to kayan sun fi ƙarfin cajin mashin ɗinka, rage ɗaya. Sannan ka sunkuyar da su ƙasa su kalli kwalta, ba idon mai keke napep ɗin da ke tahowa ba.