Yadda manhajar zane za ta bambance dannawa da ja

Ɗalibin kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa Yar'adua ko Kwalejin Hassan Usman da ya ɗauki aikin rubuta manhajar zana akwatuna da kibiyoyi, ba zanen ne zai wahalar da shi ba, linzami ne, wato mouse. Abu uku linzami ke sanar da manhaja: an danna, an motsa, an saki. A burauza sunayensu pointerdown, pointermove da pointerup. Me mai aiki yake nufi da su, wannan kai za ka gano.

Da an danna, kada ka motsa komai tukuna. Ajiye wurin da aka danna, ka binciki abin da ke ƙarƙashinsa. Fara daga abin da aka zana ƙarshe, don shi ne a sama. Kibiya siririya ce, sai ka yi mata rangwamen fiksel 5 (fiksel shi ne ɗigo mafi ƙanƙanta a allon kwamfuta) ta kowane gefe, in ba haka ba mutum zai yi ta dannawa bai kama ta ba.

Hannu ba ya tsayawa cak, balle a kan teburin katako marar shimfiɗa irin na shagon buga takardu. Saboda haka sai motsi ya wuce fiksel 4, kamar yadda Windows ke yi, sannan ka ɗauka ja ne. Abin da bai kai haka ba zaɓi ne kawai. Wanda ya tsallake wannan, duk akwatin da aka taɓa sai ya goce kaɗan, zane ya karkace.

Yayin ja, riƙe tazarar da ke tsakanin wurin dannawa da kusurwar akwatin, in ba haka ba zai yi tsalle kusurwarsa ta koma ƙarƙashin alamar linzami. In an ninka girman zanen sau 2, raba motsin da 2 kafin ka matsar da akwati.

Kira setPointerCapture, umarnin da ke sa manhaja ta ci gaba da jin linzami ko ya fita filin zane, tun daga dannawa. In babu shi, mutum ya ja ya fita filin zane ya saki a waje, manhaja ba za ta ji ba, akwatin ya liƙe wa linzami yana bin sa.

Sai an saki za ka rubuta sauyin a jerin sauye-sauyen da ake iya janyewa, sau ɗaya tak, don Ctrl+Z guda ya mayar da akwatin inda ya taso. In an danna Esc ana cikin ja, ko pointercancel, wato sanarwar cewa an katse taɓawar, ya zo a waya, mayar da shi mazauninsa na farko, kada ka rubuta komai.