Yadda Ake Shirya Kaza Domin Nunin Amfanin Gona

Galibin nune-nunen amfanin gona a ƙasarmu ana yin su ne da kaka, tun daga na ƙananan hukumomi har zuwa babban nunin ƙasa da ake yi a kan hanyar Abuja zuwa Keffi, a Jihar Nasarawa. Wannan lokaci yana dab da hunturu, lokacin da cutar Niyukasul ta fi yi wa kajin gida ɓarna, saboda haka duk mai niyyar kai kazarsa ya fara da rigakafi, aƙalla mako 3 kafin ranar. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom, kusa da Jos, tana yin maganin rigakafin wannan cuta, kuma malamin dabbobi na yankinka zai nuna maka yadda ake ba da shi.

Zaɓen kaza ba da ido kaɗai ake yin sa ba, domin alƙali zai ɗauke ta a hannu. Kai ma ka yi haka tun wata 2 kafin nunin. Ka tura hannu ƙarƙashinta, ƙirjinta a kan tafinka, ƙafafunta tsakanin yatsunka, sannan ka shafa ƙashin ƙirjin: idan yana da kaifi kamar wuƙa ta rame, idan kuma ya karkace ka ajiye ta, domin babu abincin da zai miƙar da shi. Idan mai ƙwai ce, irin Shika Brown da aka samar a cibiyar Shika ta Jami'ar Ahmadu Bello, ka auna tsakanin ƙasusuwa biyun da ke gefen mafitar ƙwai; wadda ke cikin yin ƙwai sosai yatsu 2 ko 3 za su shiga. Ka buɗe fukafukai ka duba ko akwai karyayyen gashi, ka hura gashin gindin wutsiya, inda ƙwarƙwata ke taruwa. Ido ya zama garau, tsoro (naman da ke saman kanta) ja, hanci a bushe. A ganina, kazar Hausa mai ƙoshin lafiya, ko da fingi ce, ta fi babbar kazar turawa da ke haki cancantar a tsaya a kanta.

Bayan ka zaɓa, ka ware ta a akurki mai tsabta da aka shimfiɗa wa ɓuntun shinkafa, nesa da zakarun da za su fige mata baya. Ka riƙa ɗaukarta kowace rana, kana sa ta a keji na ɗan lokaci, domin kazar da ba ta saba da hannu ba takan firgita ta karya gashinta a gaban jama'a. Kada ka canja mata abinci a makon ƙarshe, don gudun zawo.

Wanka kwana 3 kafin nuni ake yi, da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi, ana bin kwanciyar gashi, a kuma shanya ta a hantsi inda babu iska. Ranar tafiya a goge ƙafafu da tsohon buroshi, a shafa musu man kaɗe kaɗan, haka ma tsoro.

Ka yi sammako kafin rana ta yi zafi. A sa ta a kwando ko keji mai iska, kada a ɗaure ƙafafu a rataye ta a babur kamar mai zuwa kasuwa. Ka tafi da ruwanka da abincinka da mazubinka, kada ta sha tare da kazar wani.

Abin da masu kiwo suka fi sakaci da shi shi ne dawowa gida. Kazar da ta yini tsakanin ɗaruruwan kaji da zabi da agwagi daga garuruwa daban-daban tana iya ɗauko cuta ba tare da ta nuna alama ba, kuma tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jihar Kaduna a 2006 mun ga yadda tsuntsu ɗaya ke share gona. Ko da ita ce ta zo ta ɗaya, ka killace ta ita kaɗai na mako 3, ka wanke keji da takalman da ka taka filin da su, kuma ka riƙa ba ta abinci bayan ka gama da sauran kajin. Idan ta fara gyangyaɗi, ko koren zawo, ko murɗe wuya, ka kira malamin dabbobi a ranar.