Yadda Hoto Ke Nuna Makomar Ƙashin da Ya Kamu da Cuta

Idan yaro ya zo da zazzaɓi da kumburin ƙwauri, musamman mai sikila, wataƙila ƙwayar cuta ce ta shiga ƙashin, sai a fara da hoton ƙashi (X-ray). Amma kada a saki jiki don ya fito lafiya: ɓarnar ba ta bayyana sai bayan kwana 10 zuwa 14. Kafin nan, sikanin (irin wanda ake yi wa masu juna biyu) yana nuna mugunyar da ta taru a jikin ƙashi, hoton MRI (na'urar da ke amfani da maganaɗisu) kuwa ya fi gani da wuri.

Idan mugunya ta taru, yawanci sai an tsaga an fitar. Idan hoton CT (X-ray na kwamfuta mai nuna cikin ƙashi dalla-dalla) ya nuna mataccen ƙashi, jini ba ya kai masa magani, sai tiyata, kuma irin wannan ciwon yakan dawo. A garzaya asibitin Barau Dikko da ke Kaduna ko asibitin Shika da ke Zariya kafin a kai wa mai ɗori.