In an ba ku 'ya'yan tarwada na tallafi, kar ku juye su nan take

Jama'a, idan an raba muku 'ya'yan tarwada na tallafin gwamnati, kar ku juye su cikin kududdufi da isowarku. Ku ajiye jarkar a inuwa, ku riƙa ƙara mata ruwan kududdufin kaɗan-kaɗan na kamar minti 20, sannan ku karkata bakinta su fita da kansu.

Ruwan jarka ya ɗumama a hanya, na kududdufi kuwa da sanyi. Canjin farat ɗaya ke kashe su, sai ku wayi gari suna yawo ciki sama.

Ranar farko kar ku ba su abinci.

Amma in ruwan kududdufin na famfo ne mai sinadarin kulorin, dabarar ba ta ceto. Ku tara shi ya kwana biyu tukuna.